Hajijiya Da Ciwon Ɓarin Kai: Ƙwayar Kwantar Da Jiri, Maganin Riga-kafi, Atisaye Ko Gyaran Zama?

Wata yayata ta kusan shekara uku tana fama da hajijiya. Tana zaune lafiya sai ɗaki ya fara juya mata, zuciyarta ta tashi, ta nemi wuri mai duhu ta kwanta, wani lokaci tun hantsi har la'asar. An auna maleriya, an auna taifod, wannan ya ce jininta ne ya hau, wancan ya ce ai ƙasa ya yi, ƙarin ruwa kuwa ya fi a ƙirga. Ba a raba jakarta da katin Stugeron, ƙwayar kwantar da jiri. Sai ranar da aka dace da likitan da ya yi mata tambaya guda: "Hajiya, tun kina budurwa kina ciwon kai na ɓari ɗaya?" Ta ce ƙwarai kuwa, amma ai ya lafa tun da ta haura arba'in. A nan aka kama bakin zaren.

Ciwon ɓarin kai ba a kai kaɗai yake tsayawa ba. Asalinsa ƙwaƙwalwa ce mai saurin harzuƙa: haske ya dame ta, hayaniya ta dame ta, ƙamshin turare ya dame ta, motsi ma haka. Can cikin kunne akwai 'yan bututu uku masu ruwa, su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya ko ya sunkuya. Idan ciwon ya taso ya taɓa inda ake karɓar wannan saƙo, sai mutum ya ga duniya tana juyawa alhali kunnen lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa ake ɗaukar hoton kai a ce ba a ga komai ba. Shi ya sa kuma masu ciwon ɓarin kai da yawa za su gaya maka cewa tun suna yara su ne masu amai a mota. Hajijiyar tana iya zuwa tare da ciwon kan, tana iya rigansa, tana kuma iya zuwa ita kaɗai, musamman ga matan da al'adarsu ta kusa ɗaukewa.

A 2012 ne Ƙungiyar Bárány, ta masana jiri, da Ƙungiyar Ciwon Kai ta Duniya suka haɗu suka fitar da sharuɗɗan gane wannan cuta, wato hajijiyar ciwon ɓarin kai. Sai hajijiyar ta taso aƙalla sau 5, kowace ta ɗauki tsakanin minti 5 zuwa awa 72. Sai mutum yana da tarihin ciwon ɓarin kai, yanzu ko a da. Sai kuma aƙalla rabin tasowar ta zo da alamar ciwon: kai mai sara, ƙin haske da ƙara, ko walƙiya da zane-zane a ido. Wani bincike da aka yi a Jamus ya nuna tana samun kusan mutum 1 cikin 100, kuma mata sun fi yawa.

Kafin zaɓi, a tabbatar da cutar

Duk abin da zan jera a ƙasa ba shi da amfani idan jirin naka na wani gida ne.

Idan hajijiyar ba ta kai minti ɗaya, kuma takan zo ne sa'ad da ka juya a kan gado, ko ka ɗaga kai sama, ko ka yi ruku'u da sujada, to mai yiwuwa 'yan ƙananan tsakuwoyin cikin kunne ne suka ɓalle suka faɗa bututun da ba nasu ba. Wannan ba ƙwaya ce maganinsa ba. Likita ko mai gashin ƙashi zai kwantar da kai ya jujjuya kanka ta wata hanya da likitan Amurka John Epley ya bayyana a 1992, cikin 'yan mintuna tsakuwoyin su koma mazauninsu. Abin takaici ne a ga dattijo ya yi wata shida yana salla a zaune saboda abin da minti goma za su gyara. Masu ciwon ɓarin kai ma sun fi sauran mutane samun wannan matsala, don haka mutum ɗaya yana iya haɗa biyun.

Idan kuma jirin yana ɗaukar minti 20 zuwa awa 12, kunne ɗaya yana ƙugi, yana toshewa, ji yana raguwa, wannan ya fi kama da cutar Ménière, sai an auna ji. Jirin da ke zuwa in ka miƙe tsaye, ido ya yi duhu, ya fi alaƙa da ƙarancin jini, ƙishirwa, faɗuwar suga, ko maganin hawan jinin da ya yi yawa.

Wanda ba a jira da shi ko kaɗan: jiri sabo fil da ya zo da karkacewar baki, nauyin harshe, ganin abu biyu-biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, kasa tsayuwa, ko ciwon kan da ba ka taɓa jin irinsa ba. Wannan shanyewar ɓarin jiki ake tsoro. Asibiti a take, ba kemis ba.

Ma'aunin da zan bi

Abu biyar nake dubawa a kowane zaɓi. Me yake yi, kashe wutar da ta riga ta tashi ko hana ta tashi? Nawa zai ci, ba na yau kaɗai ba, na wata da watanni? Amfaninsa yana ɗorewa ko yana bin ruwa da zarar an daina? Mutum mai aiki da iyali zai iya binsa? Sannan wa zai cutar? Ban sa farashi da lamba ba domin kuɗin magani ba ya kwana wuri ɗaya, sai dai in ce wannan mai arha ne, wancan mai tsada.

Na ɗaya: ƙwayoyin kwantar da jiri

Su ne kowa ya sani: cinnarizine, wato Stugeron, da prochlorperazine, wato Stemetil, da promethazine. Suna danne saƙon da ke fitowa daga kunne, suna tsayar da amai. A ranar da abin ya taso, mutum yana kwance yana kakari, rahama ne. Suna da arha, kowane kemis yana da su, cikin awa guda an ji sauƙi.

Matsalar tana farawa ne daga ranar da aka mayar da su abincin kullum. Ƙwaƙwalwa tana da baiwar gyara kanta bayan jiri, amma sai ta ji motsin sosai kafin ta koyi daidaita shi. Wanda ke danne ta kowace safiya ya hana ta wannan koyo, sai ya wayi gari ba ya hajijiya mai tsanani amma kullum kamar yana tafiya a kan katifa. Ga barci da kasala, abin da ke da haɗari ga direba, ɗan acaba, da magini a kan tsani. Stemetil yakan sa wa matasa murɗewar wuya da kafewar ido sama, har a ɗauka iska ce ta taɓa su. Stugeron na dogon lokaci yakan jawo wa tsofaffi rawar hannu da sanyin tafiya. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce kwana biyu zuwa uku, a ajiye.

Betahistine, da ake sayarwa da sunan Serc ko Betaserc, an fi ba da shi don cutar Ménière. Ya fi waɗancan tsada, kuma ba maganin ciwon ɓarin kai ba ne.

A nan ne kuma tarkon maganin ciwon kai yake. Wanda ke shan parasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko masu haɗi da kafin, ko Cafergot, ko tramadol kwana 10 ko fiye a wata, maganin da kansa zai fara haifar masa da ciwon kan kullum. Su kuwa magungunan triptan, irin su sumatriptan, suna aiki sosai ga ciwon kan, amma a gwajin da aka wallafa a 2025 kan ɗaya daga cikinsu, rizatriptan, bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta tsayar da hajijiya cikin awa ɗaya ba. Kada a kashe kuɗi mai yawa a kansu don jiri kaɗai.

Na biyu: gyaran zama

Wannan ne aka fi rainawa don ba a sayar da shi. Ƙwaƙwalwar mai ciwon ɓarin kai ba ta son canji. Kwanciya da tashi a lokaci ɗaya, ko da ranar hutu. Kada a tsallake karin kumallo. A sha ruwa tun kafin ƙishirwa, musamman a watannin bazara. A duba goro, shayi mai kauri, kofi da lemon ƙara kuzari: duk kafin ne a cikinsu, kuma yawansa da yanke shi farat ɗaya duk suna tayar da ciwon. Wannan ne dalilin da masu cin goro ke shan wuya a kwanakin farko na azumi, gara a fara ragewa tun Sha'aban. Turaren wuta da humra mai ƙarfi, hasken waya cikin duhu, hayaniyar gidan biki, kwanakin al'ada, duk sanannu ne.

Amma kada a bi dogon jerin abincin da ake yaɗawa a daina cin komai. Abin da ke tayar wa wance ba lallai ya tayar miki ba. A sayi ƙaramin littafi, a riƙa rubuta ranar da abin ya zo, tsawonsa, barcin daren jiya, abin da aka ci, da ƙwayar da aka sha. Bayan wata biyu littafin zai faɗi abin da gwajin jini ba zai faɗa ba, kuma shi ne abu mafi amfani da za ka ajiye a gaban likita.

Kuɗinsa kuɗin littafi da biro ne. Haɗari babu. Wahalarsa ita ce bi: mai jego, ma'aikacin dare, da direban doguwar tafiya ba su da ikon barcinsu. Kuma in faɗi gaskiya, ga wanda abin ke kayar da shi kowane mako, gyaran zama shi kaɗai ba ya isa.

Na uku: maganin riga-kafi na kullum

Nan ne zaɓin ya fi wuya, nan kuma zan fi daɗewa. Waɗannan ƙwayoyi ba sa tsayar da jirin yau. Ana shan su kowace rana, lafiya ko ba lafiya, don su rage yawan tasowa da ƙarfinta. Ana fara su da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma ba a yanke musu hukunci sai bayan wata biyu zuwa uku. Nasara ita ce tasowar ta ragu da rabi, ba wai ta ɓace ba. Mutane da yawa suna jefar da su a mako na biyu su ce ba sa aiki, alhali aikin bai ma fara ba. Idan an samu sauƙi na wata shida zuwa shekara, likita yakan gwada janyewa a hankali.

Dole kuma mai karatu ya san cewa an aro su ne daga maganin ciwon ɓarin kai na gama-gari. Gwaje-gwajen da aka yi kan hajijiyar kanta ƙanana ne, bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta yi a 2023 ma ta ce hujjar ba ta da ƙarfi. Ba wanda aka tabbatar ya fi sauran. Saboda haka ba a tambayar wanne ya fi ƙarfi, ana tambayar wanne ya dace da sauran jikinka.

Propranolol tsohon maganin zuciya da hawan jini ne, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya don riga-kafin ciwon ɓarin kai. Mai arha ne, ana samunsa ko'ina. Ga mai hawan jini ko faɗuwar gaba, jifa ɗaya ne tsuntsu biyu. Amma haramiyar mai asma ne, domin yana iya shaƙe shi. Yana rage bugun zuciya, yana sa kasala, yana ɓoye alamun faɗuwar suga ga mai allurar insulin. Ba a yanke shi rana ɗaya.

Amitriptyline ana shansa da dare, miligiram 10 zuwa 25 a farko, ƙasa da abin da ake ba mai ciwon damuwa nesa ba kusa ba. Na faɗi haka don wasu na ganin takardar cikin kwalin sai su ce an mayar da su masu taɓin hankali, su ƙi sha. Shi ma mai arha ne, kuma yana gyara barci. Kuɗin da ake biya shi ne bushewar baki, nauyin jiki da safe, taurin bayan gida, da ƙiba. Dattijo mai wahalar fitsari, mai hawan jinin ido, da mai rikicewar bugun zuciya su nisance shi. A ɓoye shi daga yara, domin yawansa kisa ne.

Flunarizine, wanda aka fi sani da Sibelium, shi ma na dare ne, sau ɗaya. Wani ƙaramin gwaji a Indiya a 2014 ya nuna yana rage yawan hajijiyar, likitocin kunne da yawa suna son sa. Ya fi na sama tsada, ba kuma kowane kemis ke ajiye shi ba. Yana sa ƙiba da barci, yana iya tayar da ciwon damuwa, kuma ɗan'uwan Stugeron ne wajen jawo wa tsofaffi rawar jiki. Kada a haɗa su.

Topiramate asalinsa maganin farfaɗiya ne. Shi ne kaɗai a cikinsu da ke rage ƙiba maimakon ƙarawa, shi ya sa yake jan hankali. Ni dai ina ɗari-ɗari da shi a ƙasarmu. Yana rage gumi, yana ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda, ga mu da zafin Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, ga azumi a tsakiyar bazara. Yana sa ƙaiƙayi kamar tafiyar kiyashi a yatsu, yana sa kalma ta maƙale a baki, abin da zai dami malamin makaranta da ɗalibi. Mafi girma, yana cutar da ɗan tayi, har da tsagewar leɓe, yana kuma iya raunana ƙwayar tazarar haihuwa. A 2024 hukumar magunguna ta Birtaniya ta tsananta sharuɗɗan ba da shi ga matan da ke iya ɗaukar ciki. Sodium valproate, wani maganin farfaɗiyar, ya fi shi muni ta wannan fuska, macen da ke shekarun haihuwa kada ta karɓe shi don ciwon kai.

Venlafaxine ya fi dacewa da wanda jirin ya haɗu masa da fargaba, har ya daina shiga kasuwa. A wani gwaji a Turkiyya a 2016 an gwada shi da propranolol, duka biyun sun rage hajijiya, shi kuma ya fi taimakawa wajen damuwa. Yana da tsada, yana iya ɗaga jini, kuma in aka tsallake shi kwana ɗaya ko biyu shi kansa yana kawo jiri. Wanda ba shi da tabbacin samunsa kowane wata kada ya fara.

Sababbin allurai na wata-wata, irin erenumab da Amurka ta amince da shi a 2018, kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancinmu, na bar su a nan.

Na huɗu: atisayen daidaita jiki

Tun shekarun 1940 Cawthorne da Cooksey suka tsara shi a Ingila. Ana kafa ido a kan abu ɗaya ana juya kai, ana tafiya ana waige, ana tsayuwa ƙafa gaban ƙafa. Manufar a riƙa tsokano ɗan jiri da gangan har ƙwaƙwalwa ta saba. Ba ya hana ciwon tasowa. Amfaninsa ga layi ko tangaɗin da ke saura tsakanin tasowa da tasowa ne, da tsoron motsi. Ana koyo wajen masu gashin ƙashi a manyan asibitoci sau 'yan kaɗan, a ci gaba a gida, minti goma sau biyu ko uku a rana. Makonnin farko sukan yi wuya, kuma in ciwon yana tasowa a kai a kai gara riga-kafi ya fara kama jiki. Abin da aka samu ta wannan hanya yakan zauna.

| Zaɓi | Aikinsa | Kuɗi | Ganin amfani | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Stugeron, Stemetil | Kwantar da jirin yau | Arha | Cikin awa | Babu | Barci, murɗewar wuya, hana warkewa |
| Gyaran zama | Rage tasowa | Kusan kyauta | Wata 1 zuwa 2 | Muddin ana bi | Babu |
| Propranolol | Riga-kafi | Arha | Wata 2 zuwa 3 | Mai kyau | Asma, raguwar bugun zuciya |
| Amitriptyline | Riga-kafi, barci | Arha | Wata 2 zuwa 3 | Mai kyau | Bushewar baki, ƙiba, riƙewar fitsari |
| Flunarizine | Riga-kafi | Matsakaici | Wata 2 zuwa 3 | Ba a daɗewa a kai | Damuwa, ƙiba, rawar jiki |
| Topiramate | Riga-kafi | Tsada | Wata 2 zuwa 3 | Mai kyau | Ɗan tayi, tsakuwar ƙoda, zafi |
| Venlafaxine | Riga-kafi, fargaba | Tsada | Wata 2 zuwa 3 | Mai kyau | Hawan jini, wahalar dainawa |
| Atisaye | Gyara tangaɗi | Kuɗin koyo | Makonni | Sosai | Ƙarin jiri da farko |

Wa ya dace da me

Idan abin yana zuwa maka sau ɗaya a wata biyu ko uku, ba ka buƙatar ƙwayar kullum. Littafi, barci, ruwa, da katin maganin jiri na ranar ɓacin rana sun wadatar.

Idan yana kayar da kai sau uku, huɗu ko fiye a wata, ko ya fara taɓa sana'arka, lokacin riga-kafi ya yi, kuma wannan magana ce da likita, ba da yaron kemis ba. A nemi likitan ƙwaƙwalwa ko na kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai su a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Mai hawan jini marar asma ya tambayi propranolol. Wanda barci ya ƙaurace wa ya tambayi amitriptyline. Mai asma da ƙiba, namiji ko macen da ta gama haihuwa, wanda ba a rana yake aiki ba, shi ne topiramate zai iya yi wa rana. Mai fargaba, venlafaxine. Tsoho ya guji flunarizine da doguwar Stugeron, a kuma fara duba tsakuwar kunnensa.

Mai ciki, mai shayarwa, ko mai neman haihuwa, ki faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki biro, ki dogara da gyaran zama da atisaye gwargwadon iko. Idan kina ganin walƙiya ko zane-zane a ido kafin ciwon kai, ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu tana ƙara miki haɗarin shanyewar jiki, a sauya miki wata hanyar.

Mai niyyar azumi ya tsara lokutan shan maganinsa da likita tun kafin wata ya kama. Na dare sau ɗaya sun fi sauƙin bi, kodayake bushewar bakin amitriptyline tana da wuya da rana.

Wanda tasowar ta lafa amma har yanzu yana dafa bango, yana tsoron tsallaka titi, atisaye ne nasa, ba ƙarin ƙwaya ba.

Yayata tana da hawan jini, ba ta da asma, don haka propranolol aka ba ta. Littafinta ya nuna cewa ranakun da ta kwana a gidan biki ko ta wuni ba ta karya ba su ne ranakun faɗuwarta. Watan farko ta so ta daina, 'yarta ta hana. Hajijiyar ba ta rabu da ita gaba ɗaya ba, takan leƙo jefi-jefi, amma ta koma zuwa kasuwa ita kaɗai, kuma katin Stugeron ɗin da ke jakarta yanzu yakan yi watanni ba a ɓalle ko ƙwaya ɗaya ba.